Sitiyarin Zinariya na Duktur Midhat

Duk wanda ya ce zamanin nan ya daina haihuwar gwanaye, bai taɓa tsayawa a ƙofar masana'antar asid ta Hagg Ra'afat, wato Alhaji Ra'afat, da ke Ain Sukhna a Masar, da ƙarfe goma na safe ba. A daidai wannan lokaci, bayan ma'aikata sun yi awa uku suna tsiyayar gumi, wata baƙar mota take shigowa a hankali kamar ta ɗauko ƙwai, ta sauke Duktur Bashmuhandis Midhat Abul-Makarim, Babban Daraktan Sashen Tattalin Zafi da Kyautata Amfani da Shi. Tubarkalla. Tumbi ya yi gaba, ƙamshin turare na biye, shi kuma yana tsakiya yana tafiyar agwagwa. Hular kwanonsa fara ce sol, shekara biyu tana kansa ko ƙwarzane babu, abin da ke nuna maka irin kiyayewar mutumin, don bai taɓa kai ta inda wani abu zai faɗo mata ba.

Ilimi kuwa ba a magana. Kwas na kwana biyar ya je a Jamus. Kwana biyu ya yi a kantuna, kwana ɗaya ciwon ciki ya kwantar da shi, amma da yake kan ba irin namu ba ne, ya tafi yana Bashmuhandis, wato injiniya, ya dawo yana Duktur, abin da wasu ke shekara biyar suna nema har gashin kansu ya zube. Masu baƙin ciki suna cewa takardar da ya rataye a ofis ba abin da ta ce sai "ya halarta". Wasu ma har cewa suke babban digirinsa shi ne yayarsa, Madam Safinaz, wadda ke auren Hagg Ra'afat mai masana'antar. To, hassada ga mai rabo taki ce, kuma dama masu yin taki ake sayar wa asid ɗin.

Daga Jamus ya zo da wata bindigar auna zafi, mai fitar da jan ɗigo. Ba ya rabuwa da ita. Ya auna bango, ya auna shayin da aka kawo masa, ya auna goshin direbansa. Ran nan ya auna kyanwar da ke kwana a bakin ƙofa, ya ga talatin da takwas, ya girgiza kai ya ce, "Asara." Shi ya sa ma'aikata suka sa masa Abu Digiri, wato Uban Digiri. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ɗauka na makaranta ake nufi. Duk wannan kishin zafi a waje yake yin sa. Ofishinsa na'urar sanyaya ɗaki a kan sha shida take dare da rana, har sai ya ɗora kwat, domin, in ji shi, ƙwaƙwalwar da ke tunanin zafi ba ta son a dame ta da shi.

Aikin masana'antar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ana ƙona farar wuta a tanderu, iskar da ta fito, mai zafin digiri dubu, a bi da ita ta tukunyar ruwa ta bar zafinta a can ya zama tururi. In ta sauko wajen ɗari huɗu da ashirin sai ta shiga babbar tukunya, wata hasumiyar ƙarfe mai hawa huɗu, kowane hawa shimfiɗe da tsakuwar magani mai ruwan ɗorawa. Tsakuwar nan ita ke juya iskar ta zama abin da ake yin asid da shi. Sai dai tana cikin aikin iskar take ƙara ɗaukar zafi, ta kai ɗari shida, kuma daga nan aiki ya tsaya cik. Don haka tsakanin hawa da hawa ake fito da ita, a ratsa da ita ta tukunyar musaya ta ba tururi zafinta, tururin ya je ya juya injin da ke ba masana'antar wuta, ita kuma ta koma ciki da sanyin da za ta ci gaba. Mai shara ma ya san wannan. Duktur ne kaɗai ya fi ƙarfin saninsa.

Nasararsa ta farko a watan Tuba, tsakiyar hunturun Masar, ya same ta, lokacin da sanyin teku ke shiga har ƙashi. Yana zagaye da bindigarsa sai hancinsa ya jiyo wani ƙamshi. Ya bi shi har bayan tanderu, ya tarar da Usta Shahata, shugaban masu kula da injuna, tsoho mai shekara talatin a bakin wuta, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya jera dankali bakwai a kan wata mahaɗar bututu da ba a lulluɓe ba, mutanensa sun kewaye suna jira.

Duktur ya saita bindiga. Jan ɗigo ya sauka a kan dankalin tsakiya.

"Ɗari biyu da goma!" ya ce. "Jama'a, ku shaida. Ni ina can sama ina ƙona ƙwaƙwalwata don in tara wa kamfanin nan zafi digiri bisa digiri, ashe akwai ɓarayi a ƙasa suna kwashe shi suna zubawa a cikinsu! Ya Usta, wa ya ba ka izinin taɓa zafin Hagg?"

"Wallahi ya Duktur, ba mu taɓa na Hagg ba," in ji Usta Shahata. "Wannan iska ce ke kwashe shi tana kai wa kifaye. Mu dai tare shi muka yi da dankali. Bismilla, ɗauki na gefen nan, ya fi nuna."

"Cin hanci kuma? A gaban shaidu?"

Nan take ya sa aka naɗe dankalin a jarida aka kai ofishinsa a matsayin hujja. Rahoton da ya rubuta da azahar ya ambaci dankali huɗu. Da kwamitin ladabtarwa ya zauna washegari, ɓawo aka gabatar. Duktur ya bayyana cewa ya gudanar da binciken hujjar ne da kansa, daki-daki, don a tabbatar zafin kamfani ne a ciki, kuma ya tabbatar. Aka rubuta wa Usta gargaɗi. Mahaɗar bututun kuwa ba wanda ya ce a lulluɓe ta, tana nan tana dumama kifaye.

Da ya ga ya gama da ƙananan ɓarayi, sai ya juya kan manya. Wata Lahadi, farkon mako, ya ce a kawo masa zanen masana'antar gaba ɗaya. Wadda ta kawo ita ce Bashmuhandisa Tahani, injiniyar da ke kula da babbar tukunya, 'yar Suwais, mace marar yawan magana da ke zuwa aiki a motar ma'aikata, takalmanta duk asid ya ci bakinsu. Ta shimfiɗa zanen. Duktur ya duba shi a juye na ɗan lokaci, ta miƙa hannu ta gyara masa. Ya bi layi da yatsa, har ya tsaya tsakanin hawa na ɗaya da na biyu. Sai ya miƙe tsaye.

"Mene ne wannan? Iska ta fito da ɗari shida, ta koma da ɗari huɗu da arba'in. Ina ɗari da sittin suka tafi?"

"Tururi suka shiga, ya Duktur. Su ke juya injin wuta."

"Wato ku sha wahala ku zafafa abu, sannan ku zauna ku sanyaya shi da hannunku! Shekara nawa kuna wannan ta'asa?"

"Tun da aka gina wurin. In ba a sanyaya ta ba tsakuwar ba za ta yi aiki ba. Kamar tukunyar ful ce, ya Duktur. In ka cika mata wuta ba saurin nuna waken zai yi ba, ƙonewa zai yi."

Duktur ya yi murmushin tausayi. "Ful. Kin ji matsalar ƙasar nan ke nan. Ina maganar kimiyya, ana kawo mini wake. Ya Bashmuhandisa, a Jamus ko jariri ya san zafi shi ne ƙarfi. Ƙarin zafi, ƙarin ƙarfi. Wannan ba ra'ayina ba ne, lissafi ne."

Tahani ta ciro wata takarda daga jakarta. Ta ce in dai zafin da ke salwanta ake nema, ga shi can a ƙarshen layi: iskar da ta gama hawa na huɗu tana fita da digiri ɗari biyu da wani abu, ba mai amfana da shi. In aka sa ƙaramar tukunyar musaya a wurin, ruwan da ke zuwa tukunyar tururi zai iso da ɗuminsa, tururi ya ƙaru. Shekara uku ke nan tana kawo wannan takarda.

"Ɗari biyu?" Duktur ya ture takardar da bayan biro. "Ni ba na magana da zafin da bai kai ɗari biyar ba. Ki kai wa masu dankali."

Yatsansa ya koma kan zanen, ya ci karo da wani siririn layi da ya zagaye tukunyar musaya ya shiga hawa na biyu kai tsaye. Ya tambaya. Ta ce hanyar ratse ce, da bawul a kanta, ana ɗan buɗe shi ne kawai ranar da ake tayar da masana'anta daga sanyi. Duktur ya ƙura wa layin ido. Idanunsa suka kawo ruwa. Ba kullum mutum ke ƙirƙiro abu ya tarar har an riga an ƙera masa shi an ɗaura ba.

"Rubuta," ya ce. "Tsarin Abul-Makarim na Ɗaya. Za a buɗe bawul ɗin nan gaba ɗaya, iska ta wuce da zafinta cikakke, ba mai sake wulaƙanta ta."

Tahani ta faɗa masa abin da zai biyo baya, a fili, ba kwana-kwana. Tsakuwar hawa na biyu za ta ƙone, kuma kafin a kawo wata daga waje sai an yi wata shida, ma'aikata ɗari uku suna zaune a gida. Injin wuta zai tsaya. Iskar da ba ta juyu ba za ta fita ta bututun hayaƙi ta sauka a kan unguwar masunta da otal-otal na bakin teku, kowa ya shaƙi warin ashana har ya ga taurari. Duktur ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce haka aka yi wa duk manyan masu ƙirƙira. Ta kira Hagg Ra'afat a Alƙahira. Hagg, wanda ya fara neman kuɗinsa da sayar da batiran mota, kuma bai taɓa cewa ya san abin da ke cikin hasumiyar ba, ya ce, "'Yata, ku daidaita da Midhat, don girman Allah. Ke wata shida kike tsoro, ni Safinaz nake tsoro."

Aka sa ranar buɗe Tsarin ta zama ranar da za a tayar da masana'anta bayan gyaran shekara, wanda ake kashe komai na mako biyu. A cikin mako biyun nan abubuwa biyu suka faru waɗanda Duktur bai sani ba, don yana can yana zaɓen launin katin gayyata. Na farko, Tahani ta kawo masa takardu talatin na gyaran tsofaffin bututu, ya sa musu hannu da koren bironsa ba tare da ya karanta ko ɗaya ba, domin babban mutum ba ya karatu, sa hannu yake. Ta goma sha bakwai ita ce ta ƙaramar tukunyar musayarta. Na biyu, Usta Shahata ya hau inda bawul ɗin yake don ya shafa wa sitiyarinsa ruwan zinariya kamar yadda Duktur ya umarta. Sitiyarin nan wata ƙusa ce guda, ba ta fi ɗan yatsa ba, take haɗa shi da sandar bawul. Usta ya shafa fenti, ya zuba man giris har yana ɗiga, ya sauko da ƙusar a aljihunsa.

"In muna bukatarsa fa, ya Usta?" in ji Tahani.

"Sifana tana nan, ya Bashmuhandisa, ta ƙasa za mu kama. Shi kuma a bar shi ya yi tuƙi. Yaron da ya dage sai ya ja mota, kujera ake ba shi da murfin tukunya."

"In aka gane, ni da kai ne a waje."

"In ba a yi ba, mu ɗari uku ne a waje."

Ranar buki aka kafa rumfa mai jan zane a filin masana'anta. Aka ɗauko masu algaita da ganga daga Sa'id, kudancin ƙasar. Aka yanka ɗan maraƙi a gindin hasumiya, ma'aikata suka tsoma hannu a jinin suka manna a bango don maganin baki. Hagg Ra'afat ya zo da carbinsa, Madam Safinaz ta zo da ƙawayenta shida, kowace da gilashin rana kamar faranti. Duktur ya hau matakala hawa biyu, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya ya huta sau uku, ya isa gaban sitiyarin zinariya da allon tagulla mai ɗauke da sunansa. Aka miƙa masa lasifika.

"Ya Hagg, 'yan'uwa, ma'aikata masu ƙaramin sani amma masu kyakkyawar niyya! Kakanninmu sun gina dala, amma da sanyi suka gina ta. Shekara dubu biyar ɗan Adam yana tsoron zafi. Ya ga shayi, ya hura. Ya ga miya, ya jira. Yau, a nan Ain Sukhna, wannan tsoro ya ƙare! An ce mini tsakuwa za ta ƙone. An ce mini wuta za ta ɗauke. Har da wake aka yi mini misali! Na yafe. Bismillahi!"

Ya kama sitiyari da hannu biyu ya tattara ƙarfinsa duka, yana zaton zai yi tauri. Sitiyari ya tafi sulul, saura kaɗan Duktur ya bi shi. Ya gyara tsayuwa ya ce a lasifika, "Kun gani? Ko ƙarfe ya san gaskiya." Ya juya sau goma cif. Algaita ta ɗauka, matan suka rangaɗa guɗa.

Tsakuwa ba ta ƙone ba. Wuta ba ta ɗauke ba. Kafin la'asar ma sai ga allon ɗakin kula da injuna yana nuna tururi ya tashi daga tan sittin a awa zuwa sittin da biyar, abin da ba a taɓa gani ba, saboda ƙaramar tukunyar Tahani tana can bayan gini, inda ko tuta ba a rataya ba, tana aikinta shiru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hagg ya rungume surukinsa ya sumbace shi a kumatu biyu. Duktur ya nemo Tahani a cikin taro, ya dafa iska kusa da kafaɗarta.

"Kada ki ji kunya, ya Bashmuhandisa. Ba laifinki ba ne. Ba kowa Allah ya nufa da zuwa Jamus ba."

"Haka ne, ya Duktur," ta ce.

To, mai hankali da ya tsaya nan. Amma Duktur ya yi lissafi: in juyi goma ya kawo tan biyar, me zai hana a ƙara? Daga ranar, kowace Lahadi da safe sai ya hau matakala, a biyo shi da kujera da ruwan sanyi, ya ƙara juyi goma ko sha biyar gwargwadon yadda ya tashi. Ya sa aka kafa allo ana rubuta jimilla. Hamsin. Ɗari da ashirin. Ɗari biyu. Duk wanda ya taɓa buɗe famfon gidansu ya san akwai inda ake kaiwa ya tsaya. Wani mai walda ya yi ƙarfin halin faɗin haka, Duktur ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Famfon gidanku ke da iyaka. Ilimi ba shi da ita."

Usta Shahata kuwa ya zama babban almajirin Tsarin. Duk Lahadi yana tsaye a ƙasa, hannu a ƙirji, ya kara kunne a jikin hasumiya. "Ƙara ɗaya, ya Duktur! Yauwa! Wallahi na ji ta yi ajiyar zuciya." Mutanensa su juya baya, kafaɗunsu na rawa, Duktur ya ɗauka kukan farin ciki ne.

Wani mako aka kawo farar wuta mai danshi, tururi ya ɗan sauka. Duktur ya hau a fusace ya mayar da sitiyari baya sau uku. Washegari busasshiya ta iso, tururi ya koma. Nan aka haifi sabon reshen ilimi, Juyin Baya, wanda ya ci babi guda a littafin da ya fara rubutawa. Ya buga sabon kati mai ninki biyu, don laƙabobinsa sun ƙi shiga ɗaya. Ya daina amsa sallamar duk wanda bai kai injiniya ba. A wajen aski ma, an ce, sai da ya yi wa wanzami bayanin dalilin da zai sa ya daina barin ruwan zafi ya huce.

Idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Da jimilla ta kai ɗari huɗu da goma sha biyu, Duktur ya ga bai kamata a bar Masar kaɗai da wannan ni'ima ba. Ya rubuta wa masana'antu har ƙasa bakwai cewa yana sayar da Tsarin. Shida ba su amsa ba. Ta bakwai, wata masana'anta a Basra, ta turo tsohon injiniyanta, Ustaz Kazim, wani siririn dattijo mai farin gashin baki da ɗan littafi a aljihun riga. Hagg Ra'afat da kansa ya zo daga Alƙahira don a yi cinikin a gabansa, aka sa masa kujera a inuwa a gindin hasumiya.

Duktur ya yi jawabin awa ɗaya da kwata. Ustaz Kazim ya saurara bai ko motsa ba. Da aka gama ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Duktur. Tambaya ɗaya gare ni. Iskar da ke shiga hawa na biyu, nawa take yanzu?"

Duktur bai taɓa tambaya ba. Ya waiwaya ya ce, "Bashmuhandisa, faɗa masa, kada ya ce na yi ƙari."

"Ɗari huɗu da arba'in," in ji Tahani.

"Kafin Tsarin fa?"

"Ɗari huɗu da arba'in."

"Ka ji ko?" in ji Duktur. "Daidaito ke nan. Ko gezau."

Dattijon ya rufe littafinsa ya ce yana so ya gaisa da bawul ɗin. Suka hau, Duktur yana haki a baya. Ustaz Kazim ya duba sitiyarin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga ramin da ƙusa ta bari. Ya sa ɗan yatsa ɗaya, ɗan ƙaramin ma, ya ture shi ta hagu. Sitiyari ya kama gudu kamar fanka, zinariya na walƙiya. Wata takwas ana juya shi, notin da ke riƙe da shi dama ya gaji. Sai ga shi ya fice fit, sitiyari ya tashi, ya sauka a matakala, ƙwal, ƙwal, ƙwal, hawa biyu, ya miƙe a filin masana'anta a tsaye kamar tayar da yara ke gara wa, ya kori kaji biyu na mai gadi, ya yi kwana, ya zo gaban Hagg Ra'afat ya yi ta rawa a ƙasa kafin ya kwanta.

Kowa ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. Tana nan tana gurnaninta yadda ta saba. Ba abin da ya canza.

Hagg ya dubi sitiyari, ya dubi surukinsa da ke saukowa yana riƙe da ƙarfen matakala da hannu biyu. Sannan ya ce, "Ya Usta Shahata. Zo nan. Ni batir na sani, amma ko a batir in waya ta fita fitila mutuwa take. Me ya sa wannan ba ta mutu ba?"

Usta ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙusar, wadda ta yi sheƙi saboda yawan shafawa, ya ajiye a tafin Hagg. "Ga wayar, ya Hagg. Tun ranar fenti take wurina. In kora ce, ni kaɗai za a kora."

"Ba shi kaɗai ba," in ji Tahani. Ta matso ta faɗi komai cikin jimla biyar: abin da buɗe bawul ɗin zai jawo, da inda tan biyar ɗin suka fito. Ustaz Kazim, wanda ya riga ya sauko, ya ce ko za a nuna masa ƙaramar tukunyar. Ya je ya dawo yana rubutu a littafinsa, ya ce wannan kam suna so, in Bashmuhandisa za ta zana musu irinta.

A nan ne Duktur ya nuna cewa ba a banza ake zama babba ba. Ya share gumi, ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

"Alhamdu lillahi. Gwajin ya yi nasara. Ya Hagg, ka ɗauka ban sani ba? Ni da na je Jamus? Na so ne in ga ko ma'aikatanmu za su iya tunani da kansu in aka matsa musu, kuma ga shi sun iya. Wannan shi ake kira Tsarin Abul-Makarim na Biyu. Ita kuma ƙaramar tukunyar, a ɗauko takardarta a duba. Koren biron wa ke ƙasa?"

Hagg Ra'afat ya daɗe yana jan carbi, yana juya ƙusar a hannu. Korar mutumin ba ta taso ba, kowa ya san da wa zai ci abincin dare. Can ya ɗago.

"Bashmuhandisa Tahani, daga yau hasumiyar nan da duk bututun da ya shiga ko ya fita daga cikinta a hannunki suke. Ba mai taɓa ko noti sai da izininki. Usta, riƙe ƙusarka." Ya juya ga surukinsa, fuskarsa cike da girmamawa. "Kai kuma ya Duktur, gaskiya ɗaya ce. Tun da ka zo wurin nan ban taɓa samun wata takwas a jere ba abin da ya lalace ba, sai da ka kama sitiyarin nan. Ba zan yarda ka sake shi ba. Amma hawan benen nan ya yi wa mutum irinka yawa. A kai masa shi ofis, a kafa a bango kusa da teburinsa."

Duktur ya auna maganar. Sannan ya ce ya amince, don kishin kamfani, amma da sharaɗi ɗaya: tunda nauyin ya ƙaru, a ƙera masa wanda ya fi wannan girma.

Aka ƙera masa, faɗinsa ya kai tayar tarakta. Yana nan yana juyawa duk Lahadi, wani lokacin har da Laraba in ya ga kasuwa ta yi sanyi, kuma an ce jimilla ta haura dubu uku. Baƙi in sun zo yakan nuna musu shi, ya rage murya ya ce duk abin da suke gani a waje daga nan ake sarrafa shi. A bayan bangon nan kuwa ba komai sai banɗaki.